Ya Shiga Jami'a a 2019, Har Yau Bai Fito Ba: Nazarin Lamarin Wani Ɗalibi Ɗan Daura

A ɗakin yayata a Daura, saman talabijin, akwai wani hoto cikin gilashi. Ɗanta na fari ne sanye da rigar rantsar da sababbin ɗalibai, hular ta ɗan karkace, yana irin murmushin da mai hoto ke cewa a yi. Farkon 2020 aka ɗauke shi. Karatun na shekara huɗu ne. Hoton yana nan inda yake, kullum ana goge masa ƙura, shi kuwa mai hoton yana rumfar POS a bakin titi, babu digiri. In ka tambaye shi ranar da ya bar jami'a sai ya yi shiru, domin shi ma ya lalubo ranar bai same ta ba.

Ni kawunsa ne, malamin sakandare, kuma ni na raka shi wurin yin rijistar JAMB har sau biyu. Da abin ya fito fili na zauna da shi, na zauna da mahaifinsa, na kuma bi shi har makarantar. Sunansa da sunan jami'ar zan bar su a cikina. Ta gwamnatin tarayya ce, a wata jiha maƙwabciyarmu.

Ƙofar da ta buɗe

Muna samari duk faɗin Jihar Katsina babu jami'a ko ɗaya. Wanda ya taki sa'a sai Zariya, ko Bayero a Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma 'yan jami'ar unguwa guda ba su cika yatsun hannu ba. A jihar da Kwalejin Katsina ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa ke nan. Sai a 2005 Al-Qalam ta buɗe. A 2006 Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana gwamna, ya kafa jami'ar jiha wadda daga baya aka sa mata sunansa. A 2011 ta tarayya ta zo Dutsin-Ma, sannan ga ta Sufuri nan Daura, wadda Buhari ya aza harsashinta a Disamban 2019. A ƙasa baki ɗaya kuwa makarantun sun yi yawan da a Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai.

Masu neman shiga ma haka. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, kuma a sakamakon da aka fara fitarwa sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a ya yi shekaru yana 140, a 2025 aka ɗaga shi zuwa 150.

Waɗannan alƙaluman kowa yana jin su a rediyo. Ranar rantsarwa ana faɗin dubu nawa aka ɗauka, ranar yaye ɗalibai ana faɗin mutum nawa suka fita da daraja ta ɗaya, a tafa. Sau da yawa ma sai an haɗa 'yan shekara biyu ko uku a yaye su a taro guda, lissafin ya cakuɗe. Ban taɓa halartar taron da wani ya hau mumbari ya ce cikin waɗanda aka rantsar shekara kaza ga adadin da suka zube a hanya ba. Ɗan yayata yana cikin lissafin farko, aka kuma rufe na biyu ba da shi ba.

Abin da ya nema da abin da aka ba shi

Likita yake son zama, kamar rabin yaran da nake koyarwa a ajin kimiyya. A 2018 bai samu gurbi ba. A 2019 ya sake zama, makin bai kai na likitanci ba, sai aka tura masa Kemistiri ta manhajar CAPS, wadda JAMB ta fara aiki da ita a 2017: ko ka danna ka karɓa, ko ka ƙi ka jira baɗi. Ni na ce ya danna. Na ce masa, “Kai dai shiga, in ka yi ƙoƙari a aji ɗaya sai ka nemi canji.” Shawara ce da kawunnai da yawa ke bayarwa, kuma yawancinmu ba mu san irin makin da ake nema kafin a canza wa ɗalibi sashe ba.

An yi walima. An dafa shinkafa, maƙwabta suka zo suka sa albarka, mahaifinsa ya saya masa katifa da risho. Mahaifin nasa ɗan kasuwa ne, hatsi da dabbobi yake juyawa tsakanin Mai'aduwa da Kwangwalam har zuwa Damagaram. A daidai lokacin iyaka tana rufe, tun Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Duk da haka ya biya kuɗin rijistar farko bai yi ko tari ba, saboda a lokacin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Makonni kaɗan ya yi yana ɗaukar lakca sai ga korona, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ya fara a Maris ɗin 2020 bai ƙare ba sai Disamba. Wata tara. Ya dawo gida da littattafan rubutu da ko rabi bai ci ba. Da aka koma a 2021, sai aka matse abin da ya rage cikin 'yan makonni.

Ya ba ni labarin ajin lissafi na aji ɗaya, wanda duk 'yan tsangayar kimiyya ke haɗuwa a ɗaki guda. In bai je da asuba ya ajiye littafi a kan benci ba, to a bakin taga zai tsaya, yana ganin bakin malami yana motsi. Turancin ma ya sha masa kai. A nan laifin ya biyo ta kanmu, mu malaman sakandare: yaro ya fita da kiredit a Turanci da lissafi, amma ka ba shi shafi guda ya karanta ya faɗa maka abin da ya fahimta, sai ido ya raina fata. Mun san yadda ake samun wasu kiredit ɗin. Sakamako ya fito, ya faɗi darasi biyu, lissafi da Fizis. Kariyoba biyu, in ji su. Maganar canjin sashe ta mutu a nan, ba tare da kowa ya yi mata jana'iza ba.

Yadda kariyoba ke haihuwa

Iyaye da yawa suna ɗaukar kariyoba kamar bashin gishiri, a biya gobe a wuce. Ni ma haka na ɗauka sai da ya zana mini a takarda.

Kowane darasi yana da nauyinsa, kuma a ƙa'ida ɗalibi ba ya ɗaukar fiye da nauyi 24 a zango guda. In kana da kariyoba, ita za ka fara sawa a rijista, sannan ka cika da darussan sabon aji. Wato duk wadda ka ɗauko daga baya sai ta ture wani darasi na bana zuwa baɗi. Wasu darussan aji biyu kuma ba a yarda ka ɗauka sai ka ci na aji ɗaya da aka gina su a kai. Sannan ga jadawali: lakcar da yake bin bashi tana faɗawa daidai lokacin da 'yan ajinsa ke ɗakin gwaje-gwaje. Dole ya zaɓi ɗaya. Wanda bai halarta ba, a shi zai sake faɗuwa. Sifilin da ya samu kuwa yana nan cikin lissafin CGPA, wato matsakaicin makin duk darussan da ya ɗauka, yana jan sauran makin ƙasa, ko da ya ci darasin daga baya.

Akwai kuma agogon da ba a gaya wa yara da ƙarfi ranar rantsarwa. Digirin shekara huɗu ba a yarda ya wuce shekara shida na karatu ba, wato rabin wa'adin ne kawai ake ƙara maka. Shekarun da yajin aiki ya ci ba a lissafa su a ciki, amma shekarar da ka ɓata da kanka tana ciki.

Ya shiga aji biyu da wannan kaya a ka. Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta sake tafiya yajin aiki, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas.

Rumfa

A wannan zaman ne wani abokinsa ya ce ya zo ya riƙa tsare masa rumfar POS da cajin waya. Mun ji daɗi, wallahi. Ya fi zaman majalisa. Kafin a janye yajin aikin ya tara abin da ya karɓi tasa na'urar, ya sa ƙaninsa a kai ya koma makaranta.

Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023. Wanda ya rayu a watannin nan ya san abin da mai POS ya zama: mutane na layi tun safe, ana sayen naira da naira. Ƙanin ya kasa, ya riƙa kira. Yaron ya ce zai zo Alhamis ya koma Lahadi. Ya zo ya yi mako uku. Da bakinsa ya gaya mini cewa abin da ya samu a makonnin nan ya fi albashina na wata. Ban yi musu ba, na san albashina. Ya koma ya tarar an yi gwaji biyu babu shi, kuma gwajin cikin zango yana da kaso mai tsoka a makin ƙarshe. Kariyoba ta zama biyar.

Ba na ganin rumfar a matsayin shaiɗan a wannan labari. Yaro ne da ke kallon yayyensa na unguwa da suka gama bautar ƙasa suna zaune da takarda a cikin leda, wasu suna zuwa wurinsa rancen kuɗin data. Lissafin da ya yi ba na mahaukaci ba ne. Abin da bai lissafa ba shi ne kasuwar canjin kuɗi ta wata biyu ce ko uku, ta wuce.

Shekarar da ta ɓace

Abubuwa uku suka haɗu a 2023. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rijista, tasu ma ta ƙara, ya ninka har da ɗoriya. Sannan sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024. Jarin mahaifinsa ya maƙale a hannun mutane a tsallake.

Da lokacin rijistar aji uku ya yi, mahaifin ya ba shi rabin kuɗin ya ce ya yi haƙuri, sauran na nan tafe. Shafin biyan kuɗin makaranta kuwa ba ya karɓar rabi. Ya biya kuɗin ɗaki da abin da ke hannunsa, ya ci sauran a hankali, yana shiga aji kamar kowa. Aka ƙara wa'adin rijista, da tara. Aka sake ƙarawa. Aka rufe. Ya ci gaba da shiga aji har sai da aka liƙa sunayen masu zama jarrabawa, ya duba sama da ƙasa babu nasa.

A nan ne lamarin ya karye, kuma abin da zai ɗaure shi bai fi fallen takarda guda ba. Jami'a tana da hanyar jingine karatu: ka rubuta wa shugaban sashe cewa ba ka da halin biya bana, a kai gaba a amince, shekarar ba za ta shiga lissafinka ba, gurbinka yana nan. Ya taɓa jin ana cewa wane ya yi difa, amma ya ɗauka sai mai ciwo ko mai juna biyu. Bai tambayi kowa ba. Kunya ta hana shi zuwa ofis ya ce babu, kunya ta hana shi dawowa gida ya ce an rufe. Sai ya zauna a ɗakin hayarsa har abokansa suka gama jarrabawa, ya hau mota tare da su ya dawo hutu.

Na je gaishe su a wannan hutun. Yana tsakar gida yana alwala.

“Malam ɗan jami'a, ya karatu?”

“Alhamdu lillahi, Kawu.”

“Saura shekara ɗaya ko?”

“In sha Allahu.”

Iyakar binciken da na yi ke nan, ni da nake duba rajistar aji kowace safiya. Zango na biyu ma haka ya tafi ya dawo. A Mayun 2024 aka buɗe shafin neman lamunin karatu na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 duk wata. Ya gwada. Tsarin yana buƙatar makaranta ta tura bayanan ɗalibanta kafin a tantance su, shi kuwa nasa bai fito ba. Da lamunin ya zo shekara ɗaya kafin nan, wataƙila da ban rubuta wannan ba.

Asirin ya tonu ne ta hannun wani abokin karatunsa da ya zo ɗaurin aure Daura, ya gaida yayata, ya ce ai suna ta cigiyarsa a sashe.

A ofishin mai kula da aji

Muka tafi tare. Malamin da ke kula da 'yan ajinsu matashi ne, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba. Teburinsa ya cika da takardun jarrabawa ɗaure da roba, wasu a ƙasa jikin bango. Ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe kwamfuta, ya juyo da ita ya nuna mini. Layin shekarar babu komai a ciki.

“Baba, da ya zo ya same ni ko da baki ne, da na sa shi ya rubuta. Minti biyar ne.”

“To ranka ya daɗe, ku da ba ku gan shi ba shekara guda, ba wanda ya nema?”

Ya yi ɗan murmushi, ya nuna mini jerin sunayen da ke ƙarƙashinsa, shafi bayan shafi. Ya ce ban da wannan yana koyar da darasi huɗu, yana duba furojet na 'yan ajin ƙarshe. Ya ce wanda bai yi rijista ba kwamfuta ba ta kawo sunansa ma balle a ga babu shi. Maganar nan ta tsaya mini. A makarantar sakandare yaron da bai zo ba yana barin gurbi a benci da jan biro a rajista. A can kuwa rashin zuwansa shi ke goge shi daga takardar da za a duba a gane bai zo ba.

A dokar jami'ar tasu, wanda ya yi zango biyu a jere babu rijista babu izini, ana ɗaukar ya janye da kansa. Hanya ɗaya ta rage, a rubuta roƙo zuwa majalisar jami'a ta hannun sashe. Muka rubuta a wani shagon kwamfuta a bakin ƙofa, muka haɗa da takardar mai unguwa da ke shaida halin da mahaifinsa ya shiga.

A mota muna dawowa na yi ta juya abin. Yajin aiki biyu sun ci masa wata goma sha bakwai, amma sun ci wa abokansa ma, kuma da yawansu sun gama. Talauci ya taɓa shi, amma kuɗin da ya gagara, da an faɗa a zauren gidanmu, da mu 'yan'uwa mun haɗa shi a mako guda. Raunin Turanci da lissafi ya jawo kariyoba, amma masu kariyoba biyar suna fita, ko da sifiloba ne, wato ƙarin shekara bayan 'yan ajinsu sun fita. Kowanne cikin waɗannan ya rage masa ƙarfi. Abin da ya fitar da shi daga makarantar shi ne wata goma sha biyu da ya yi yana faɗuwa babu wanda ya sani, a gida da makaranta duka. Mu a gida mun ɗauka aikinmu ya ƙare ranar walima. Mahaifinsa, wanda ba ya sayen tunkiya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, bai taɓa cewa a nuna masa takardar sakamako ba, don yana ganin abin 'yan boko ne.

Ba shi kaɗai ba ne a layinmu. Akwai yarinyar da aka ɗaura wa aure tana aji biyu da alkawarin za ta ci gaba, alkawarin yana nan ana ta sabunta shi. Akwai wadda mahaifinta ya dawo da ita gida bayan an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan hayarsu a Oktoban 2023, duk da ita ba a can take karatu ba. Ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba. Su ma duk an yi musu hoto da rigar rantsuwa.

Inda aka kwana

Amsa ta zo bayan wata huɗu. An amince ya dawo, amma shekarar da ya ɓata tana cikin lissafi. Zai koma aji uku da kariyoba biyar, abin da ya rage masa cikin shekara shidan nan uku ne, kuma malamin ya gaya masa gaskiya cewa da wuya ya gama a biyu. 'Yan ajinsa na asali suna shirin tafiya bautar ƙasa. Zai zauna da yaran da suka shigo yana aji biyu.

Na ce zan biya rijistar farko, mahaifinsa ya ce zai ɗauki kuɗin ɗaki, in ya koma kuma sai ya sake neman lamunin. Na kuma kawo masa maganar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, wadda ke da cibiya a Katsina, in ya fi son ya riƙe rumfarsa ya yi karatu daga gida. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

Rumfar tasa yanzu biyu ce, ya ɗauki yaro a ɗayar. Ana kuma maganar wata yarinya a Sandamu.

Ƙanwarsa ta samu gurbi bana. Ba a yi walima ba, yayata ta ce a bari sai ta fito. Na ce mata duk zango ta turo mini hoton takardar rijistarta da ta sakamako ta WhatsApp, ta yi dariya ta ce, “Kawu, sai ka ce 'yar firamare.” Ta dai turo ta farko.

Shi kuwa takardar amincewar tana cikin durowar rumfa, ƙarƙashin naɗin takardar rasit. Makon jiya na tsaya cire kuɗi na tambaye shi. Ya ƙirgo mini kuɗina, ya ƙi karɓar caji, ya ce, “Kawu, a bari dai a ga bayan Sallah.”